DrTim's One & Only da ruwan ammoniyarsa: yadda suke nunar da sabon tankin ruwan gishiri

Sabon tankin ruwan gishiri ɗanye ne. Gilashi na ƙyalli, ruwa garau, duwatsu fari tas, famfo na kaɗa ruwa, ido ya ce komai ya kammala. Amma in aka zuba kifi a ranar, kafin mako ya zagayo za a gan shi ya taso sama yana haki, ya daina cin abinci, launinsa ya dushe. Abin da ke kashe shi daga jikinsa yake fitowa. Kifi na fitar da ammoniya ta wurin numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma in ta ruɓe ammoniya take zama. A teku ruwa ya isa ya tsinke ta. A tanki mai lita 100 babu inda za ta je, sai in akwai ƙwayoyin bakteriya da suka zauna a jikin duwatsu da yashi suna cinye ta. Rukuni ɗaya na mayar da ammoniya nitirait, wani rukunin ya mayar da nitirait nitiret, shi kuwa nitiret kifi na jure shi har zuwa lokacin canjin ruwa. Zaman jiran waɗannan ƙwayoyi su yi yawa shi ne nunar da tanki, kuma in an bar shi da kansa yakan ci mako huɗu zuwa shida, wani lokaci fiye.

One & Only na kamfanin DrTim's Aquatics da ke Kalifoniya a Amurka an yi shi ne don rage wannan jira. Kwalba ce mai ɗauke da ƙwayoyin da ransu. Mai kamfanin, Dakta Timothy Hovanec, ba ɗan kasuwa ba ne kawai da ya faɗo harkar. Bincikensa na shekarun 1990 yana cikin waɗanda suka nuna cewa a tankunan kifi Nitrospira ce ke yawan aikin cinye nitirait, alhali littattafan da can Nitrobacter suke ambata. Akwai nau'in ruwan daɗi, akwai na ruwan gishiri, kuma kwalaben sun yi kama, don haka a karanta takardar jikinsu kafin a biya. Ƙaramar kwalba mai mililita 60 an ƙayyade ta ga galan 30 na Amurka, wato lita 114. A lura, galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, ba jarkar da muke kira galan ba.

Hukuncin a taƙaice: kayan na aiki, kuma ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗi biyu. Ya iso hannunka da rai, sannan ka haɗa shi da ƙaramar kwalbar ammoniyam kulorayid ta kamfanin da kayan gwajin ruwa. Kwalbar ƙwayoyin ita kaɗai rabin aiki ce.

Kafin a buɗe ta, ruwan ya zama daidai, don yawancin waɗanda ke cewa kwalbar ba ta yi musu aiki ba a nan suka yi tuntuɓe. Ruwan famfo na ɗauke da kulorin, kuma kulorin an zuba shi ne musamman don ya kashe bakteriya. Ruwan burtsatse ba shi da kulorin, amma yakan zo da nitiret da silika da wasu ƙarafa, waɗanda daga baya za su ciyar da gansakuka. Abin da ya dace shi ne ruwan da ya bi ta matatar RO/DI, mai cire sinadaran da suka narke a ruwa, wanda ƙaramin ma'aunin TDS, mai auna yawan waɗannan sinadarai, ke nuna sifili a kansa. Gishirin kuma na tankin teku ne, irin su Instant Ocean ko Red Sea. Gishirin miya ba shi da kalsiyam da magniziyam da sinadaran da ke riƙe pH (ma'aunin tsamin ruwa), bai da gurbi a nan. Ana zuba gishiri a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan gishiri, domin in ruwa kaɗan ya jiƙa gishiri mai yawa kalsiyam na daskarewa ya zama farin gari da ba ya narkewa. Giram 36 zuwa 38 a kowace lita yakan kai ka kusa da inda ake so, wato nauyin ruwan ya kai 1.025 zuwa 1.026 in an kwatanta da ruwa zalla, ko gishiri kashi 35 cikin dubu. A bar famfo ya kaɗa shi dare guda, sannan a auna da rifraktomita, ƙaramar na'urar auna gishirin ruwa, wadda aka daidaita da ruwan daidaitawa mai gishiri kashi 35 cikin dubu. Ma'aunin roba mai allura yana ƙarya da zarar ƙwayar kumfa ɗaya ta maƙale a allurar.

Sai wurin zama. Ƙwayoyin nan ba sa rayuwa suna yawo a ruwa, manne wa abu suke yi. Tanki mai busassun duwatsun murjani masu ramuka da yashin aragonayit (yashin teku mai kalsiyam) kaurin santimita 2 zuwa 3 ya ba su fili isasshe. Tsohon ƙiyasi shi ne dutse rabin kilo ga kowace lita 4. Yau mutane na sa ƙasa da haka, kuma ba laifi in duwatsun masu raga-raga ne. Tanki mara yashi, mai dutse biyu kacal, zai nuna amma zai ja lokaci. In yashin ya ta da ƙura a bari ta kwanta tukuna. Zafin ruwa a ajiye shi tsakanin digiri 26 da 28 a wannan lokaci, ƙwayoyin sun fi saurin yaɗuwa a haka. In kifi ya kusa shiga a sauko da shi 25 ko 26.

Ranar farko aikin ba shi da wuya. A kashe na'urar kwashe kumfa (skimmer, mai fitar da datti a cikin kumfa), a kashe fitilar UV mai kashe ƙwayoyi a ruwa in akwai, a cire safar tace ruwa da audugar matata, a bar su haka sa'o'i 48. Dalilin a fili yake: ƙwayoyin na zuwa ne manne da wani lallausan gari, kuma duk abin da ke tace ruwa zai kwashe su kafin su sami dutsen da za su kama. Famfon da ke juya ruwa shi kam ya ci gaba da aiki dare da rana. A girgiza kwalbar sosai, har garin da ya kwanta a gindinta ya tashi, don a cikinsa dukiyar take. Wanda ya tsiyaye ruwan sama ya bar na ƙasa ya zubar da kuɗinsa. A juye ta duka. Ba a yin ɓarna da yawanta, kuma ajiye rabi don gaba ba shi da wani amfani. Ruwa zai yi ɗan hazo na wasu sa'o'i, ya washe.

Daga nan sai abinci, kuma a nan ne ƙaramar kwalbar ammoniya ta fi duk wata dabara. Da can ana jefa ɗanyen jatan lande a tanki ya ruɓe, ko a sa kifin damsel mai taurin rai ya sha azabar har tanki ya nuna. Ta farkon tana wari kuma ba ka san yawan ammoniyar da ta fito ba. Ta biyun zalunci ne, kuma damsel ɗin in ya rayu sai ya mallake tankin ya hana kowane kifi sakat. Da ammoniyam kulorayid kai ke ƙayyade adadi. Kwalaben yanzu suna cewa ɗigo 4 ga kowane galan, wanda ke ba da ppm 2, wato miligiram 2 a lita. Tsofaffin kwalabe sun fi ƙarfi, ɗigo 1 ne ga galan, saboda haka abin da aka rubuta a jikin taka kwalbar shi za ka bi, ba abin da wani ya gaya maka ba.

Lissafin ma da ruwan da ke ciki ake yi, ba da girman gilashin ba. Ɗauki tanki mai lita 120. Bayan duwatsu da yashi sun ci wurinsu, ruwan da ya rage bai fi lita 100 ba, galan 26 ke nan, ɗigo 104. Ƙirga ɗigo ɗari aiki ne mai gajiyarwa, kuma wannan yana cikin abin da za a iya kushe wa kwalbar: girman ɗigo na canzawa da yadda aka matsa ta da yadda aka karkata ta. Sirinji ya fi. Ɗigo 20 kusan mililita 1 ne, don haka mililita 5 ya wadatar da wannan tanki. Mai hankali ya fara da mililita 4, ya jira rabin sa'a, ya gwada, ya cike in da saura. Ƙarawa abu ne mai sauƙi, ragewa kuwa sai da canjin ruwa.

Akwai wani ruɗani da umarnin kamfanin bai warware wa sabon shiga yadda ya kamata ba, kuma shi ke tayar wa mutane hankali a rana ta huɗu ko ta biyar. Kamfanin da nitirojin zalla yake ƙirga alƙalumansa, kayan gwaji irin na kamfanin API kuwa da nauyin sinadarin gaba ɗaya suke ƙirgawa. Miligiram 1 na nitirojin in ya zama nitirait, kayan gwajin zai karanta kusan 3.3, in ya zama nitiret, kusan 4.4. Ma'ana, zubi ɗaya na ppm 2 na iya haifar da nitirait da ya haura 6 a kan katin launi, alhali katin API a 5 ya tsaya. Sai mutum ya ga kwalbar gwaji ta rine shuni mai duhu, ya tuna kamfanin ya yi gargaɗin kada ammoniya ko nitirait su wuce ppm 5, ya ɗauka tanki ya lalace. Bai lalace ba. Iyakar 5 ɗin nan ta nitirojin ce, wadda a kan katin za ta kai wajen 16. Hanyar gane ainihin inda ake ita ce tsinkawa: mililita 1 na ruwan tanki, mililita 4 na sabon ruwan gishiri mai tsabta, a gwada, a ninka sakamakon sau biyar.

Duk da haka gargaɗin gaskiya ne. Ammoniya ko nitirait in sun yi yawa ƙwarai suna danne ƙwayoyin da ake son su yaɗu, musamman rukuni na biyu, waɗanda dama sun fi nawa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne zuba ammoniya kullum don tsoron kada ƙwayoyin su mutu da yunwa. Ba sa mutuwa don an yi kwana uku ko mako ba a ba su komai ba. Jadawalin kamfanin zubi uku ne a cikin mako na farko: ranar 1, ranar 3, ranar 6. Abin da ya fi jadawali shi ne gwaji. Kada a ƙara sai ammoniya ta sauko ƙasa da 1, kuma in nitirait ya cika katin a dakata har ya fara sauka. In an tsinka an ga ya haura iyaka da gaske, a canza kashi 25 zuwa 30 na ruwan, ba tare da taɓa yashi ko goge duwatsu ba.

Gwajin kansa yana son natsuwa. A kayan API, mililita 5 ake ɗiba. Ammoniya ɗigo 8 daga kowace kwalba cikin biyun, a jira minti biyar cif. Launi na tafiya daga rawaya zuwa kore. Nitirait ɗigo 5, daga shuɗin sama zuwa shuni. Nitiret shi ne mai rigima: kwalba ta biyu sai an girgiza ta da ƙarfi na daƙiƙa 30 kafin a ɗiga, a kuma girgiza bututun minti guda, in ba haka ba zai nuna ƙasa da gaskiya. Kuma muddin akwai nitirait a ruwa, kada a wahalar da kai da gwajin nitiret, don nitirait na shiga cikinsa ya nuna ja wur kamar tankin ya cika da nitiret. A ruwan gishiri gwajin ammoniya na API yakan tsaya a wani rawaya mai ɗan sirkin kore da ke kama da 0.25, ko a tankin da ya shekara. A gwada sabon ruwan gishirin da ba a sa masa komai ba, a jera bututun biyu a jikin farar takarda cikin hasken rana. In launinsu ɗaya ne, sifili ke nan.

Me za a gani? In kwalbar lafiya ta iso, cikin kwana biyu zuwa huɗu ammoniya za ta fara sauka, nitirait ya bayyana. Wannan ita ce shaidar farko cewa ƙwayoyin na da rai. Nitirait zai hau, ya tsaya kamar ba zai motsa ba, wani lokaci har mako guda, sai rana ɗaya a wayi gari ya faɗi. Haka ɗabi'arsa take, don waɗannan ƙwayoyi kan ɗauki kusan kwana guda ko fiye kafin su ninka kansu, ninki na ƙarshe kuwa shi ke cinye rabin aikin. Da busassun duwatsu, kwana 10 zuwa mako uku shi ne abin da ya kamata a sa rai. Ana samun waɗanda suka gama cikin mako guda, amma kada a yi alkawari da mai sayar da kifi a kan haka.

In tafiya ta tsaya cak, pH za a fara dubawa. Aikin ƙwayoyin nan na cin alkaliniti, wato sinadaran da ke hana pH faɗuwa, waɗanda ake auna su da dKH: kowane miligiram na nitirojin da suka sarrafa yana cinye kusan miligiram 7 na alkaliniti. Zubi ɗaya na ppm 2 ya kai kusan dKH 0.8, zubi uku sun haura 2. Tankin da ya fara da 8 zai iya samun kansa ƙasa da 6, pH ya bi shi ƙasa, ƙwayoyin su yi sanyi. Giram 3 na bakin soda, wato sodiyam bikabonet, a lita 100 na ɗaga dKH 1. A narkar da shi a ruwan RO/DI tukuna, a zuba a hankali inda ruwa ke gudu. Abu na biyu gishiri ne. Ruwa na ƙafewa, gishiri ba ya ƙafewa, saboda haka ruwan daɗi ake cikawa da shi. A yi alama da tef a jikin gilashi, kullum a mayar da ruwa kan alamar. Lokacin hunturu, da iska ta bushe, ƙafewar na ƙaruwa sosai.

Babban raunin One & Only ba a cikin tanki yake ba, a hanya yake. Abu ne mai rai a cikin kwalba. Daskarewa na kashe shi, zafi mai tsanani na tsawon lokaci ma haka. Kamfanin na ba shi wata shida a ɗaki, shekara a firij. Ga wanda ke Kano ko Yamai, inda kaya kan kwana a sito ko bayan mota a watan Afrilu da zafi ya haura digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma babu yadda za a gane matacciyar kwalba da ido ko da hanci. A duba ranar da ke jikinta, a tambayi mai shago inda yake ajiye ta, a guji wadda ke kan kanta a bakin taga. Gwajin gaskiya shi ne tankin: in kwana bakwai suka wuce, zafi da gishiri da pH duk daidai, ammoniya ba ta motsa ba kuma nitirait bai leƙo ba, kwalbar ta mutu a hanya. Tankin zai nuna duk da haka, sai dai a tsawon lokacin da zai ɗauka ba tare da ita ba. Fritz TurboStart 900, irin wannan kaya na wani kamfani, ya yi suna wajen sauri, amma shi dole ne ya zauna a firij tun daga masana'anta, wanda ya sa ya fi haɗari ga mai nisa. A wannan fuskar One & Only ya fi jure tafiya. Mai aboki da ke da tsohon tanki lafiyayye kuwa, dutse ɗaya daga can na yin aiki mai kyau, sai dai yana iya zuwa da baƙin da ba a gayyata ba, irin su aiptasiya (wata ƙaramar halittar teku mai harbi da ke mamaye duwatsu) da ƙwayoyin cuta. Kwalba ba ta kawo waɗannan, kuma wannan na cikin abin da ake biya.

Ɗauke wuta ma abin lura ne. Ƙwayoyin iskar oksijin suke shaƙa, kuma ruwan gishiri mai ɗumi bai riƙe ta da yawa. Sa'a ɗaya ko biyu ba komai, amma yini guda ruwa na tsaye zai mayar da aiki baya. Ƙaramin famfon iska mai batir, ko haɗa famfon juya ruwa da inbata, ya kamata a tanada tun kafin a zuba ruwa, ba sai kifi ya shiga ba.

Inda za a saɓa wa tallar kwalbar shi ne batun sa kifi nan take. Kamfanin ya yarda da hakan, kuma da kifi ɗaya ko biyu ƙanana a babban tanki, da kwalba mai rai, yana yiwuwa. Matsalar ita ce ba ka san tana da rai ba sai bayan kwanaki, kuma a lokacin kifin ne ma'auninka. Ruwan teku na da pH wajen 8.2, kuma a nan kason ammoniyar da ke cikin sigar mai guba ya ninka na ruwan daɗi mai pH 7.2 kusan sau goma. Adadin da kifin ruwan daɗi zai sha ya wuce, a nan yana ƙona wa kifi wurin numfashi. Nitirait kuwa akasin haka ne: yawan kulorayid da ke ruwan gishiri na tare shi daga shiga jinin kifi, don haka gubarsa kaɗan ce a nan. Ana jiran ya sauka ne don a tabbata rukuni na biyu ya kafu.

Jarrabawar ƙarshe ita ce mai yanke hukunci. Bayan ammoniya da nitirait sun koma sifili, a sake zuba ppm 2, a duba agogo. In bayan sa'o'i 24 ammoniya ta ɓace, nitirait ya koma sifili ko dab da shi, tanki ya nuna. In ba haka ba, a ba shi kwana uku a maimaita. Daga nan a gwada nitiret, yanzu da gwajin zai faɗi gaskiya. Zubi huɗu na iya tara sama da 30, saboda haka a canza kashi 30 zuwa 50 na ruwan da sabon da ya yi daidai da shi a zafi da gishiri. A mayar da matata, a kunna na'urar kumfa. Fitila a bar ta a kashe duk tsawon nunarwar, ƙwayoyin ba sa bukatarta, gansakuka ce ke so. Da an kunna ta, cikin mako ɗaya ko biyu wata ƙura mai ruwan ƙasa za ta lulluɓe yashi da gilashi. Dayatom ne, silika suke ci, in ta ƙare su tafi da kansu.

Kifin farko ya zama mai sauƙin hali, kamar kifin kulawun (clownfish) nau'in ocellaris guda biyu da aka ƙyanƙyashe a gidan kiwon kifi, ba waɗanda aka kamo daga teku ba. Nunannen tanki ba ya maganin cutar farin ɗigo, don haka in da hali su fara yin makonni a ƙaramin tankin killacewa. A ciyar da su kaɗan, abin da za su cinye cikin minti ɗaya, a ci gaba da gwada ammoniya kullum na mako guda. Ƙaramin faifan Ammonia Alert na Seachem da ake mannawa a cikin gilashi na taimakawa a nan, don sigar mai guba kaɗai yake nunawa. Kifi na gaba ya jira mako biyu zuwa uku, murjani kuwa sai dayatom sun wuce kuma alkaliniti ya zauna wuri ɗaya tsakanin dKH 7 da 9.